Twilight Imperium bugu na 4: ƙa'ida a taƙaice, da batun Prophecy of Kings

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyar ne a Garwa, littafin ƙa'idar wasan tebur na Twilight Imperium ya yi mana kauri. Me za mu riƙe tukuna? Kuma mu haɗa da ƙarin wasan, wato Prophecy of Kings, tun farko?

Yayan Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya riga kai maki 10 shi ya ci. Kowane zagaye, kowa ya ɗauki kati ɗaya cikin katunan dabara takwas, kuma ba ka janyewa daga zagayen sai ka yi amfani da shi. Alamun umarni takwas ake farawa da su: uku na motsi, uku na yawan jirage, biyu na dabara. Inda sababbi suke faɗuwa: da zarar alamarka ta sauka a wani yanki, jiragenka da ke ciki sun maƙale har ƙarshen zagaye. Duniyar da ka kife katinta don amfani da ita kuwa, ko arzikinta ka ci ko tasirinta, ba duka biyu ba.

Hajiya daga Injamina:
Ƙari kaɗan, ɗana. Sauka a Mecatol Rex, duniyar da ke tsakiyar taswira, karon farko sai da tasiri shida, ka sami maki ɗaya, daga nan ne zaman ƙuri'a yake buɗewa. Kuma wanda aka ƙwace wa duniyar gidansa ba ya cin makin manufofin da aka bayyana wa kowa.

Yayan Marwa:
Ƙarin nan na 2020 yana da kyau: ƙabilu bakwai a kan 17, shugabanni, binciken duniyoyi, har mutum takwas. Amma ku yi wasa uku ba shi tukuna, hannu ya faɗa.