Me ya kashe ɗan layin dogon Westerham?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana tarihin sufuri game da gajeren layin dogon da ya haɗa Dunton Green da garin Westerham a yankin Kent na ƙasar Ingila. Ana yawan cewa rahoton Beeching, wanda ya ba da shawarar rufe layukan dogo da ba sa kawo riba, shi ne ya hallaka ƙananan layukan karkara a Birtaniya. Shin wannan ma yana cikinsu?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ya cikinsu, domin an rufe shi a watan Oktoban 1961, rahoton kuwa sai a 1963 ya fito. An buɗe layin a 1881, tsawonsa kimanin kilomita 7, a lokacin kamfanin South Eastern Railway ne yake gudanar da shi, da tasha a Brasted, daga baya aka ƙara ƙaramar matsaya a Chevening. A ganina, ciwonsa tun daga haihuwa ne. An so a zarce da shi zuwa Oxted amma hakan bai yiwu ba, sai ya tsaya cik a Westerham, kuma yawanci mai zuwa Landan sai ya sauka a Dunton Green ya canja jirgi. Da aka sa wa babban layin da ke bi ta Dunton Green lantarki a 1935, an bar reshen a baya, motocin bas kuma suka yi ta janye fasinjojinsa.

Malama Mai Nazari:
Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai asara kaɗai ba ta isa ta bayyana rufewar ba. Kwamitin da ke sauraron koken fasinjoji ya ba da shawarar a bar layin yana aiki, amma ministan sufuri na lokacin, Ernest Marples, ya yi watsi da shawarar. Shi kuwa Marples yana cikin waɗanda suka kafa wani kamfanin gine-gine da ke samun kwangilar hanyoyin mota, abin da ya sa mutane da yawa ba su taɓa sakin jiki da hukuncin nasa ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Gaskiyarki, Malama. Mutanen yankin ma sun kafa ƙungiya domin su sayi layin su ci gaba da gudanar da shi, sai aka zo da aikin hanyar da za ta kewaye garin Sevenoaks, aka ce su biya kuɗin gadar da za ta tsallake dogon. Kuɗin ya fi ƙarfinsu, aka cire ƙarafan, kuma yanzu babbar hanyar M25 ta bi ta kan wani sashe na layin.