Wane irin gari ne Neckarsulm na ƙasar Jamus?

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin koyon aikin injina a Neckarsulm, amma hankalin mahaifiyarmu ya tashi tun da ta ji cewa garin manoman inabin giya ne. Don Allah wanda ya san garin ya yi mana bayani.

Bakanike daga Gusau: Wa alaikumus salam. Garin yana dab da birnin Heilbronn, inda kogin Sulm yake shiga kogin Neckar, kuma daga nan sunansa ya fito. A 1880 wani kamfanin ƙera injin saƙa ya tare a can, ya shiga yin kekuna, sannan babura a 1901. Shi ne NSU, wanda a tsakiyar shekarun 1950 babu mai ƙera babura kamarsa a duniya. A 1969 aka haɗe shi da kamfanin ƙera motoci na Auto Union, haɗakar da daga baya ta zama kamfanin Audi, kuma har yau Audi tana da babbar masana'anta a garin.

Malama daga Jega: Yayana, na taɓa ziyartar yankin. Gaskiya ne gonakin inabi sun lulluɓe tuddan garin, an ɗaure kowace kurangar a jikin waya, layi-layi kamar kunyoyin dawa, kuma ƙungiyar manomansa ta kafu tun 1855. Sai dai masana'antu ne suke riƙe da garin, kuma Turkawa Musulmi da suka je aiki tun shekarun 1960 suna da masallatai da shagunan naman halal. Ka kwantar wa Inna da hankali, shi kuma ya nemi jama'ar masallaci da zarar ya sauka.