Serendipity: wa zai ba mu Hausarta?

Jama'a ku matso, yau kalmar serendipity ce a gabanmu, masu koyon Turanci na yawan cin karo da ita kuma ƙamus sai ya ce musu "sa'a" kawai ya wuce, alhali ba haka nan take ba.

Wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, shi ya ƙirƙiro ta a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa a 1754. Ya ɗauko ta ne daga wata tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku, waɗanda kullum suna tafe suna gano abin da ba shi suka fito nema ba. Sarandib ɗin nan fa ita ce Siri Lanka ta yau, sunan da Larabawa ke kiranta kenan, wanda ya zauna gaban malaman ƙissa ya sha jin cewa can aka saukar da Annabi Adamu. A tatsuniyar yaran sun siffanta raƙumin da ya ɓace ba su taɓa ganinsa ba, suka ce mai ido ɗaya ne don ciyawar gefe ɗaya kawai ya ci alhali ta ɗaya gefen ta fi kyau. Toh kun ga akwai dace, amma akwai lura da kaifin basira, kuma Walpole da kansa duka biyun ya haɗa.

Shi ya sa ban yarda da "sa'a" ba. Wanda ya ci gasar rediyo ma sa'a ya yi. Amma Fleming, wani masanin ƙwayoyin cuta, da ya dawo hutu a 1928 a Landan ya tarar fumfuna ta ɓata masa farantin gwaji ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, wani da wankewa zai yi yana tsaki, shi kuwa ya tsaya ya duba, daga nan aka samu maganin fenisilin.

Wani malaminmu ya kawo "tsintar dami a kala". Wallahi ta yi daɗi, saura kaɗan in sallama, matsalar ita ce mai kala hatsi ya je nema hatsi kuma ya samu, yawa ne kawai ya ƙaru. "Arashi" haɗuwar abu biyu ce, ko alheri ko akasi. "Gamon katar" ta fi kusa a hirar yau da kullum, sai dai babu ƙoƙarin mutum a ciki ko kaɗan.

Ni dai na tsaya kan "katarin mai lura". Da na so "tsintuwar basira" amma na san halinku, yanzu wani ustazu zai ce sai an yi cigiya shekara guda tukuna. Ku gwada ta a jimla ku ji: gano fenisilin katarin mai lura ne. Mutanen Damagaram da Sakkwato, in kuna da wata a bakin tsofaffinku ku kawo ta.