Shin Tsadar Kifin Yaudara Ce Ke Kawo Babban Bas?

Ɗan Yawuri (Kalifoniya): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar da na faɗa a bakin tafki ranar Asabar ina nan a kanta, kuma na kawo ta nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Duk mai neman babban bas (wani kifin tafki mai farautar ƙananan kifaye) da gaske ya daina tara ƙananan kifayen roba masu arha, ya haɗa kuɗin ya sayi kifin yaudara, wato kifin ƙarya da ake ɗaura wa fatsa, guda mai nagarta, daga inci takwas zuwa sama. Hujjata tana cikin asalin abin. A kudancin Kalifoniya ta Amurka wannan salon kamun ya yi ƙarfi, a tafkuna irin su Castaic da Casitas, inda hukuma ta riƙa zuba kifin tirawut na kiwo, su kuwa bas 'yan asalin Fulorida, waɗanda aka fara kawowa yankin San Diego a 1959, suka riƙa haɗiye su suna ƙiba. Ganin haka ne masu ƙira irin su Allan Cole da Ken Huddleston suka fito da abin da ya yi kama da tirawut a girma da launi da iyo. Kifin da ya saba da babbar loma ba zai bar makwancinsa saboda ɗan abu mai inci uku ba.

Kawu (Teksas): Wa alaikumus salam. Ɗana, tarihin da ka kawo daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kansa nake ja da shi. Bas biyu ne ke riƙe da kambin duniya na nauyi: na George Perry da ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya a 1932, mai laba 22 da oza 4, sai na Manabu Kurita daga tafkin Biwa na Japan a 2009, mai kilo 10.12, wato kusan nauyi ɗaya. Shi Kurita yana zaune a ƙasar da kamfanonin Deps da Roman Made ke ƙera manyan kifayen yaudarar da kake yabo, amma da bulugil, wani ƙaramin kifi, mai rai ya kama nasa. Sannan ka tuna ba kowane ruwa ne Castaic ba. A manyan tafkunanmu na Teksas abincin bas yawanci ƙananan kifayen shad ne, kuma na sha fito da kifi mai kyau da kifin roba na kamfanin Keitech mai inci huɗu a kan ƙugiya mai kan dalma, wanda kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Injiniya (Jojiya): Kawu da Ɗan Yawuri, ina ganin kuna ta jayayya a kan farashi alhali abin da kifi ke gani shi ne yadda abu ke iyo da kuma zurfin da yake bi. Ku dubi kifin yaudarar Huddleston mai inci takwas: jiki ɗaya ne, amma ana sayar da shi da lambobin nitsewa daban-daban, 0 da 5 da 12 da 16, mai babbar lamba ya fi saurin nitsewa, kuma wanda ya ɗauki mai lamba 16 ya jefa a ruwa mara zurfi mai ciyawa, ciyawa zai yi ta kwasowa duk tsadarsa. Ni kaina na koyi wannan darasi da aljihuna. Na sayi wani mai gaɓa biyu, irin mai sulalewa dama da hagu, na ga ƙugiyoyinsa sun yi mini sirara, sai na sauya su da masu kauri. Da na jefa shi a gefen kwale-kwale sai na ga yana nitsewa da ka kamar dutse, sulalewar da na biya kuɗi dominta ta ɓace ɗungurum. Sai da na cika kwamin wanka da ruwa, na mayar da ƙugiyar gaba mai sauƙi, na riƙa manna 'yan yankan dalma a cikinsa ina matsar da su kaɗan-kaɗan wajen wutsiya, kafin ya koma sauka a kwance. Ko wannan daidaitawar ba ta dawwama, domin ruwan sanyi ya fi na ɗumi nauyi, saboda haka abin da ke sauka a hankali da bazara yana iya tsayawa cak ko ya taso a hunturu. Na roba kuwa, in wutsiyarsa ta lanƙwashe a cikin leda zai riƙa karkata gefe guda, maganinsa a tsoma wutsiyar a ruwan zafi na ɗan lokaci, a rataye shi ya huce a miƙe.

Ɗan Yawuri (Kalifoniya): Yaya Injiniya, ai ka taimake ni ba ka sani ba. Abinka yana iyo lafiya lau kafin ka taɓa shi, kuma wannan daidaito shi ne abin da ake biya wa kuɗi. Mai arha sau da yawa sai ka sayi uku kafin ka dace da ɗaya mai tafiya a miƙe. Kawu kuma, ban ce ƙarami ba ya kamawa ba. Yana kamawa, har ya fi yawan kamu, amma ƙananan kifaye ne ke rige manya zuwa gare shi.

Maman Yara (Teksas): Akwai kuɗin da ba ku lissafa ba. Kifin yaudara mai oza biyar ko shida ba a jefa shi da sandar fatsa ta yau da kullum, sai doguwa mai ƙarfi wajen ƙafa takwas, da babban injin naɗi, da zare mai ɗaukar laba 20 ko fiye. Bayan haka sai tsoro ya shigo: wanda ya ɗaura abin dala ɗari a zarensa ba ya yarda ya jefa shi kusa da itatuwan da suka nitse, alhali nan manyan suke fakewa. Shi ya sa nake ba sabon shiga shawarar ya fara da mai sauƙin kuɗi irin S-Waver 168 na kamfanin River2Sea, ya koyi sarrafa shi da rabin juyin hannun inji har ya iya sa shi ya juya ya fuskanci kifin da ke biye da shi. Nauyin ma kansa yana da illa, domin in bas ya yi tsalle yana girgiza kai, da nauyin abin yake fizge ƙugiya, dalilin da ya sa wasu suka fi son irin wanda zare ke ratsa cikinsa, jikin ya zame sama ya bar ƙugiya kaɗai a bakin kifi.

Kawu (Teksas): 'Yata ta faɗi abin da ban iya tsarawa ba. Ɗana, tunda ka ce za ka zo mana hutun ƙarshen shekara, taho da babban naka, ni kuma zan riƙe Keitech ɗina. Kwale-kwale ɗaya za mu shiga daga asuba zuwa azahar, a auna manyan kifaye biyar na kowa, kuma Injiniya ne zai riƙe sikeli, domin ban yarda da naka ba.