'Yata ta tare a Galveston: me ya kamata mu sani game da mahaukaciyar guguwar teku?

Alhaji Sabi'u, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san al'amarin mahaukaciyar guguwar da ke afka wa garuruwan bakin teku a Amurka. 'Yata ta tare da mijinta a Galveston, wani tsibiri ne a jihar Texas inda mijin yake aikin asibiti, kuma suna da yara biyu ƙanana. Sun shaida mana cewa lokacin guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, sai kuma wani ɗan'uwa ya ƙara tayar wa mahaifiyarta hankali da labarin cewa a 1900 guguwa ta hallaka mutum sama da 6,000 a wannan garin. Abin da nake son sani shi ne, idan hukuma ta yi shelar guguwa na tafe, zama cikin gida ya fi ko kuwa barin garin? Sannan bayan ta wuce, wane hali mutane kan shiga, kuma mu da ke nan Kano akwai abin da za mu iya yi musu ban da addu'a?

Malam Habibu, Kabuga

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare su. Ni labarin ƙasa nake koyarwa, don haka zan taɓa ɓangaren da ya shafe ni.

Wani abin mamaki shi ne da yawa daga cikin manyan guguwar Tekun Atlantika a yankinmu suke samo asali. Hargitsin iskar da ke tasowa daga gabas yana ratsa Sahel da damina, wanda yake da hannu a hadarin da muke gani, shi ne yake wucewa yamma ya fita teku ta wajen Senegal. Idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, kimanin digiri 26 da rabi zuwa sama, sai ya riƙa zuƙar tururi yana juyawa yana ƙara ƙarfi, har iskar ta kai gudun kilomita 119 a awa, a nan ne ake ba ta matsayin mahaukaciyar guguwa mataki na ɗaya. Mataki na biyar, wanda shi ne mafi ƙarfi, yana farawa daga kilomita 252 a awa. Ita kuwa gaɓar tekun Najeriya ta tsira daga irinta ne saboda guguwar yamma take nufa, kuma kusa da layin da ya raba duniya biyu iska ba ta samun juyin da take bukata.

Sai dai ina roƙon Alhaji kada ya ɗora hankalinsa a kan matakin. Matakin ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, alhali mafi yawan waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye ruwa ne ajalinsu. Iskar tana tunkuɗo ruwan teku gaba ɗaya ta hau da shi kan tudu, kuma a 2005, lokacin guguwar Katrina, wannan tunkuɗowa ta kai kimanin mita takwas a gaɓar jihar Mississippi. A New Orleans kuwa shingayen da ke tare ruwa ne suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, mutum sama da 1,300 suka rasu a dalilin guguwar, tsofaffi da yawa a cikinsu. Duk wannan ya faru ne alhali a mataki na uku ta sauka. Sannan akwai ruwan sama: guguwar Harvey a 2017 ta yi tsaye a kan kudu maso gabashin Texas ta zuba ruwan da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare cikin 'yan kwanaki, wanda ya zarce abin da Kano ta saba samu a damina sukutum.

A ja kunnen maigidan a kan abu ɗaya. Idan tsakiyar guguwar ta biyo ta kansu, iska za ta kwanta, har sama ta ɗan washe, amma ba wucewa ta yi ba, domin ba da jimawa ba za ta dawo daga ɗaya ɓangaren da ƙarfinta.

Injiniya Nura, Hotoro

Baba Alhaji, barka da warhaka. Na zauna a Houston, wadda tafiyar kimanin awa ɗaya ce a mota daga Galveston, kafin in dawo gida. Amsar tambayarka ta farko ta danganta da inda mutum yake, amma ga mazaunin Galveston babu ja-in-ja: idan aka ce a fita, to a fita, kuma a fita da wuri.

Akwai katangar da aka gina a bakin tekun garin bayan bala'in 1900, tsayinta kimanin mita biyar, kuma tana sa baƙi su saki jiki fiye da kima. A watan Satumba na 2008 guguwar Ike, wadda mataki na biyu ce kawai, ta tura ruwa ya zagayo ta bayan tsibirin, ta ɓangaren da babu katanga, ya mamaye mafi yawan garin. Hanyar fita ta mota kuma ƙalilan ce, babbar ita ce gadar da ta nufi Houston, don haka wanda ya yi jinkiri yana iya tarar da ruwa ya riga shi hawa titi.

Amma kada a ɗauka gudu kullum shi ne tsira. A 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, tsoro ya sa miliyoyin mutane suka fito lokaci guda domin guje wa guguwar Rita, har da waɗanda unguwanninsu ba sa cikin haɗarin ruwan teku. Tituna suka cushe, mai ya ƙare a motoci, zafi ya yi tsanani, mutum kusan ɗari suka rasu a wajen gudun kansa. Tun daga nan aka ƙarfafa tsarin fitar da mutane shiyya-shiyya, na bakin ruwa su fara, na can ciki su zauna su bar musu hanya. Saboda haka 'yarka ta san shiyyar da gidansu yake tun yanzu, kuma su tsayar da gidan da za su sauka. Ba sai sun yi nisa sosai ba, wurin da ruwan teku ba ya kaiwa ake nema.

Cibiyar da ke sa ido kan guguwa, wadda take Miami, tana fitar da sanarwar shiri awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan gargaɗi na ƙarshe awa 36 kafin nan. Wanda ya jira sanarwar kafin ya fara sayayya zai tarar da kantuna an wawashe ruwan roba da burodi. Tun daga Yuni ya kamata tankin mota ya daina sauka ƙasa da rabi, a ajiye tsabar kuɗi a hannu domin na'urar cire kuɗi ba ta aiki in babu wuta, a kuma haɗa fasfo da takardun zama da na haihuwar yara cikin leda mai hana ruwa. Ga baƙo a ƙasar mutane, asarar takardu ta fi asarar kujeru ciwo nesa ba kusa ba. Akwai kuma batun da ya kamata su tattauna tsakaninsu: ma'aikacin asibiti ana iya riƙe shi a bakin aiki lokacin guguwa, wato ita ce za ta tuƙa yaran ta fita. Idan ba ta iya mota ba, ko ba ta da lasisi, wannan shi ne abin da ya fi gaggawa a cikin duk abin da na lissafa.

Hajiya Binta, Tarauni

Alhaji, a gaishe da Hajiya, a ce ta kwantar da hankalinta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna shi ne kwanakin da ke biyo baya, lokacin da 'yan jarida sun kwashe kayansu, mutane kuma suna ganin an tsallake.

A Puerto Rico, wani tsibiri da ke ƙarƙashin Amurka, bayan guguwar Maria ta 2017, ƙiyasin mamatan da gwamnatin wurin ta amince da shi ya kai mutum 2,975, kuma galibinsu ba a ranar guguwar suka rasu ba. Sun rasu ne a watannin da babu wuta, babu hanyar zuwa asibiti, masu wankin ƙoda da masu ciwon suga da masu dogaro da na'urar numfashi suka rasa kulawa. Sai da aka yi kusan wata goma sha ɗaya kafin wuta ta gama komawa ko'ina. A Texas ɗin ma, bayan guguwar Beryl a watan Yuli na 2024, gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan biyu suka rasa wuta a tsakiyar zafi, kuma zafin ya kashe mutane a cikin gidajensu. Mu nan mun saba da ɗauke wuta, gidajenmu ma da tsakar gida da tagogi aka gina su, amma gidajen can an yi su ne a rufe domin na'urar sanyaya ɗaki, da ta tsaya sai numfashi ya gagara.

Daga nan ne janareta yake shigowa. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari marar launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya kwanta bai tashi ba, kuma irin wannan rashin mun sha jin labarinsa a Najeriya. Ƙa'idar da hukumomin lafiya na can suke bayarwa ita ce a ajiye shi a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da an buɗe shi. Haka ma gawayi, kada a hura shi a ɗaki.

Ruwan ambaliya kuwa haɗe yake da na masai da man mota da sinadarai, wani lokaci har da wayar wuta da ta faɗo. Kada yara su taka shi, kuma duk rauni da ya taɓa shi a wanke da sabulu a kai asibiti. A tanadi ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana, na kwanaki da dama, idan kuma aka ce a tafasa na famfo a tafasa. A Beira ta Mozambik, bayan guguwar Idai a watan Maris na 2019, kwalara ce ta biyo baya ta kama dubban mutane, kamar yadda aka yi fama da ita a Borno bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024. Abincin firji yana lalacewa bayan kamar awa huɗu babu wuta, kada a ji ƙyashin zubar da shi. Gidan da ruwa ya shiga kuma, idan bai bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba, fumfuna za ta kama bango da katifu, tana tayar da asma. Yara ƙanana na iya komawa fitsarin kwance ko firgita da ƙarar ruwan sama na wani lokaci, kada a yi musu faɗa.

Alhaji Sabi'u, Gwammaja

Allah ya saka muku da alheri. Na tura musu bayanan. Injiniya, saura ɓangarenmu na nan gida, domin na san Hajiya, da ta ji labari ba za ta ajiye waya ba.

Injiniya Nura, Hotoro

Baba, a nan sai an yi wa Hajiya magana a hankali, domin yawan kira yana cinye cajin wayar da suke bukata wajen jin sanarwar hukuma. A zaɓi mutum ɗaya a gida wanda za su riƙa aiko wa gajeren saƙo, shi kuma ya sanar da dangi. Saƙon rubutu yana iya fita a lokacin da kira ba ya shiga. A karɓi lambar maƙwabci ko abokin aikin maigidan da ke wani gari, a kuma tuna cewa a yawancin watannin guguwa agogonmu yana gaban nasu da awa shida, shirun kwana ɗaya ko biyu kuma galibi rashin sabis ne. Ku ajiye hoton takardunsu a wayarku. Bidiyoyin da ake yaɗawa a WhatsApp a irin wannan lokaci da yawa na tsofaffin guguwa ne ko na wata ƙasa, kada a tura mata su.

Ka tambayi surukinka batun inshora. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum, har da ta 'yan haya, ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ana sayen ta ambaliya daban, kuma ta gwamnati yawanci sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ba a sayenta ranar da aka ga hadari. Su ɗauki hoton kayan gidan tun yanzu, su sake ɗauka bayan ɓarna kafin su zubar da komai. Tallafin kuɗi na hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, yana da sharaɗin irin takardar zaman mutum, amma matsuguni da abinci da ruwa ana bai wa kowa, kuma idan ɗaya daga cikin yaran haifaffen can ne ana iya nema da sunansa. Su yi hattara da masu gyaran rufi da ke bin gida-gida bayan guguwa suna neman kuɗi kafin aiki.

Su kuma shiga jama'a tun kafin bukata ta taso. Lokacin Harvey masallatai da dama a Houston sun buɗe ƙofa sun zama matsuguni ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma mutane da yawa maƙwabta ne masu ƙananan jiragen ruwa suka fito da su kafin jami'ai su iso. 'Yan Najeriya suna da yawa a Houston, musamman ta kudu maso yammacin birnin, saboda haka samun gidan da zai sauke ta da yaran na mako guda ba zai yi wuya ba idan an yi maganar tun kafin watan Agusta, lokacin da guguwar ke fara tsananta.