Muhawara: laifin wa ne ɗan aji biyar bai iya haɗa baƙi ba?

Malamin Aji Biyar: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Duk wanda ya tashi zagin makarantar gwamnati, da malami yake farawa. To ku leƙo ajina ranar Juma'a. Rabin yaran sun bi hanyar kasuwar Wudil da tire a ka. Da damina kuwa ana gona har a gama maimai. Yaron da ya yi wata biyu bai ga allo ba, ta ina zai haɗa baƙi? Firamaren garin nan ba za ta gyaru ba sai iyaye sun daina jahilci sun bar yara su zauna a aji.

Baban Sadiya: Malam, su wa ke jahilcin?

Alaramma: Wa alaikumus salam. Malam, janye kalmar nan. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi, shi ne jahili don bai yi boko ba? Kafin Bature ya shigo Kano a 1903 ana rubuta wasiƙa da ajami a ƙasar nan.

Malamin Aji Biyar: Allah ya gafarta Malam, ban ce su jahilai ba ne. Aikin na kira jahilci.

Baban Sadiya: Mai yin sata ai sunansa ɓarawo. Ka kira mu jahilai kawai. Ni da hannuna na biya kuɗin PTA aka gyara rufin da iska ta yaye, yau kuma ni ne jahili.

Kawu Direba: Idan batun jahilci za a yi, a fara da masu alli. A 2017 El-Rufa'i ya ba malaman Kaduna jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su. A kawo irinta nan mu gani.

Malamin Aji Biyar: Kawu, ina da NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Kuma nan ba Kaduna ba ce.

Kawu Direba: Takarda daban, kai daban.

Tsohon Hedimasta: Kawu, ka yi a hankali. Ka taɓa tsayawa gaban ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, a ƙasa suke zaune, littafi ɗaya hannu goma? Yaran karkarar nan ba daƙiƙai ba ne. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, 'ya'yan manoma suka ɗauka suka fitar da likitoci. An ba su malami da abinci da wurin kwana ne kawai.

Na Abba Gida-Gida: Shi ya sa gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ɓarnar shekara takwas ba ta gyaruwa a dare ɗaya.

Ɗan Baba Ganduje: Wace ɓarna? Wa ya kawo ilimi kyauta kuma dole a Kano? Ku riƙa jin tsoron Allah.

Na Abba Gida-Gida: Kyauta a rediyo. Tambayi Baban Sadiya wa ya biya kuɗin rufi.

Ɗan Baba Ganduje: Kai da ko aji shida ba ka gama ba.

Na Abba Gida-Gida: Ga jahilin da ake nema ya fito da kansa.

Maman Abdul: Yayyena, don Allah ku saurara. Ba wanda ya tambayi me ya sa uwa ke ɗora wa yarinya talla. Da kuɗin nan ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki. Kuma makarantar ba ta da banɗaki, yarinya ta fara girma sai ta ƙi zuwa. Muna da kwamitin kula da makaranta na SBMC, akwai mai unguwa da liman da mata a ciki, yaushe rabon da ya zauna? A zauna, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kan banɗaki da ƙarin malamai. A roƙi masu NCE da ke zaune ba aiki su riƙa koya wa yara karatu da Hausa bayan la'asar. Liman ya ja hankalin iyaye a huɗuba kan tallar lokacin makaranta.

Alaramma: Bayan la'asar lokacin Islamiyya ne. Kuma har yanzu bai janye ba.

Malamin Aji Biyar: Ba zan janye gaskiya ba. Ranar Litinin zan turo hoton rajista, kowa ya ga sunan ɗansa.

Baban Sadiya: Ka turo ta malamai ma, mu ga masu zuwa ƙarfe goma.

Admin: To, ya isa haka. A matsayina na shugaban iyaye, ga abin da na fahimta. Jama'a sun yi ittifaƙi cewa Malam ya ci mutuncin iyaye, ya kamata ya je ya ba Alaramma haƙuri. An kuma nuna cewa iyayen garin nan suna iya bakin ƙoƙarinsu, matsalar tana wajen malamai, kamar yadda Kawu ya kawo hujja daga Kaduna. Maganar Maman Abdul za a duba ta wani lokaci. Na rufe turo saƙo sai bayan isha'i.