Takin da na haɗa ya koma ruwa yana wari, ina gyaransa?

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da 'yar shuka a bayan ɗaki, alayyahu da tumatir da tattasai a buhunan siminti, sai zogale biyu a jikin katanga. Da na ga takin zamani ya yi tsada, sai na fara tara sharar girki a wani durom na roba mai murfi. Kullum ina zuba ɓawon doya, ɓawon ayaba, ruɓaɓɓen tumatir, har da sauran tuwo da miya da yara suka rage. Yau sati biyar ke nan. Jiya da na buɗe sai da na ja da baya: abin ya zama baƙin ruwa caɓa-caɓa, tsutsa sai motsi take, wari kuwa har soro. Maigida ya ce a kai bola. Ni kuma zubarwar na yi mini ciwo, don na sa rai a kansa. Akwai gyara, ko ya riga ya lalace?

Dattijo manomi daga bayan Kano:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki zubar, bai lalace ba, iska ce babu. Kin tara ɗanye zalla, kin kuma toshe shi da murfi a tsakiyar damina, dole ya yi wari. Taki yana son ɗanye da busasshe tare. Duk kwano ɗaya na sharar girki, ki bi shi da kwano biyu ko uku na busasshen abu: ganyen darbejiya ko na mangwaro da aka share, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, karan dawa da aka daddatsa.

Ga yadda za ki yi. Ki samu inuwa, ki shimfiɗa kara a ƙasa, ki juye duromin a kai, ki cuɗa da busasshen ganye har ya daina ɗiga. Ki ɗebo da hannu ki matsa. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ya wargaje kamar gari, ki yayyafa ruwa. Wanda ya dunƙule ya bar miki danshi a tafin hannu, shi ake so. Ki rufe da tsohon buhu, bayan kwana uku ki soka sanda a tsakiya ki zaro ki taɓa. In kin ji ɗumi, aiki ya kankama. Daga nan sai juyawa duk sati ko sati biyu. Wata biyu zuwa uku za ki ga ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Mu nan da wannan muka tashi. Da rani iyayenmu kan tura mu cikin birni da jakuna, mu ciko mangala da takin bola mu jibge a gona kafin ruwa ya sauka. Amma bolar wancan lokacin toka ce da kashin awaki. Ta yanzu leda ce da batir da fasasshiyar kwalba, shi ya sa nake ganin naki na gida ya fi tsafta nesa ba kusa ba.

Mai kiwon kaji daga Gusau:
Hajiya, tuwo da miya su suka ƙara miki warin. Duk abu mai mai, da nama da ƙashi da kan kifi, ki ba kaji ko ki zubar daban, don su ke kiran ɓera da ƙuda. Tsutsar kuma kada ta dame ki, ni kajina nake watsa wa. In za ki sa kashin kaji ki sa kaɗan, kuma ki bari ya ruɓe tukuna. Na taɓa zuba ɗanyensa a gindin tumatir, kwana biyu ganyen ya ƙone.

Inna daga Tawa ta Nijar:
Ƙanwata, mu a nan bushewa ce damuwarmu. Da hunturu in kin bar tsibi a fili iska za ta busar da shi, ya zauna wata da watanni bai ruɓe ba. Sai mu haƙa rami zuwa gwiwa, mu riƙa yayyafa ruwan wankin shinkafa ko na gero, ban da mai sabulu. Toka ɗan barbaɗe kawai, in ta yi yawa tana rage wa takin ƙarfi. Shi muke zubawa a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka da muke haƙawa a ƙasa mai tauri don su tare ruwan sama, dunƙule ɗaya ko biyu a kowane rami, gero ya fito a ƙasar da da ko ciyawa ba ta yi.

Uwargida daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi yadda ka ce da safen nan, yara sun sharo mini buhu biyu na ganyen darbejiya, kuma warin ya ragu sosai. Duromin fa, in huhhuda shi in ci gaba da amfani da shi?

Dattijo manomi daga bayan Kano:
Ki huhhuda shi da ƙusa mai zafi, gefe da gindi, ki ɗora a kan bulo biyu. Ki ajiye buhun busasshen ganye a kusa da shi, duk sanda kika zuba shara ki rufe ta da ganye nan take.